Mai Gyara Labarin Rijiya

Mijina Odart ne ke rubuta labaran kisa da muke bugawa a shagonmu na garin Troyes. Da can na ban dariya yake yi, amma tun bayan yaƙin addini ba wanda ke so sai na jini. Wasu a bakin kotu yake samo su. In bai samu ba ya ƙirƙira, ya rubuta cewa da gaske ya faru. Ni kuma ranar kasuwa in tsaya a ƙofa ina karantawa da ƙarfi don mutane su taru.

Wata shekara da kaka ya ƙirƙiri labarin wani manomin inabi da ya tura matarsa rijiya. Ina cikin karantawa na lura da wani dattijo a bayan taro, ya cire hula, leɓensa na motsi. Da aka watse ya matso, yana warin sabuwar giya, ya ce sunansa Mathurin, bai iya karatu ba, in taimaka in maimaita masa. Na maimaita. Da na zo inda matar ta yi ihu, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, baiwar Allah. Ba ta yi ihu ba. Sunana kawai ta kira, a hankali."

Ya yi godiya ya tafi.

Kowace kasuwa sai ya dawo da gyara. Ba da rani ba ne, ya ce, ana ruwa ne. Takalminta ɗaya ya rage a bakin rijiyar. Na faɗa wa Odart, ya yi dariya ya ce tsufa ne. Amma da kasuwa ta zagayo ya fito da kansa, ya rantse wa dattijon cewa daga kansa ya tsaro komai.

Mathurin ya daɗe yana kallonsa.

"To ita ce ta gaya maka," ya ce. "Ni ta daina yi mini magana."

Daga nan gidan alƙali ya nufa ya faɗi abin da ya yi wa matarsa, ba wanda ya kai shi. Aka je ƙauyensu aka buɗe rijiyar da ya rufe da dutse shekaru da yawa. Ƙasusuwan mutum biyu aka ciro, na mace da na wani babban namiji. Har aka rataye shi Mathurin yana rantsuwa mutum ɗaya ya tura, kuma shi ya rufe rijiyar da hannunsa a ranar. Ba wanda ya ɓata a ƙauyen ban da ita, har yau kuma ba a san wane ne namijin ba.

Maƙwabta suka yi ta matsa wa Odart ya rubuta ƙarshen. Bai rubuta ba.