Giyar Maza

Tun da tirela ta murƙushe wa maigidana Haladu ƙafar hagu a hanyar Zariya, kuloci ya gagare shi. Shekara biyu yana zaune a zaure kamar tsohon buhu, sai a 2005 aka samo masa a-kori-kura mai shan dizal daga Kwatano, atomatik, wadda ƙafa ɗaya ta ishe ta. Da ita ya koma ɗaukar katako a kasuwar Katako, da ita ya koma mutum.

Lallaɓa ta yake yi fiye da yadda yake lallaɓa ni, ban kuma taɓa jin haushi ba. Kowace Asabar sai ya tada inji ya yi ɗumi, ya zaro sandar auna man giyar motar ya goga a farin ƙyalle. In man ja ne garau, ranar har waƙa yake yi. Ba ya yi mata lodin hauka, ba ya sa ribas sai ta tsaya cak.

Sai ga ƙaninsa Sharafaddeen, direban da ya fi kowa sani a tashar Laranto, a bakinsa. Na tsani mutumin nan, ba na ɓoyewa. Motar mata yake kiranta, amma ranar da tasa ta kwanta, ita ya zo aro zai kai katako Toro.

"Kada ka ba shi," na ce.

"Rabi, ɗan'uwana ne." Ya juya wajensa. "Abu ɗaya, Sharafa. Kada ka kashe inji a gangara. Wannan ba irin taku ba ce. In inji ya mutu, mai ba ya zagaya giya."

"Yaya, ni za a koya wa tuƙi?"

Hanyar Bauchi da ta bi ta Toro kuwa gangara ce, direbobinmu kuma sun saba su cire giya su sa a firi su kashe inji don tsimin mai. Hali zanen dutse. Washegari da la'asar aka jawo motar da igiya tun daga Toro, wanda shi ma wani kisan ne ga giyar atomatik, aka ajiye ta a garejin Datong makanike. Ni na riƙo Haladu, yana dogara sanda, muka je.

Datong ya zaro sandar man ya miƙa masa. Baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen tuwo.

"Oga, giya ɗin ya ƙone duka," in ji shi. "Irin wannan babu shi a Jos. Ko Legas sai an dace."

Sharafaddeen ko kunya babu. Yana tsaye yana karkaɗa makulli.

"Dama lalatacciya ce, gara da ta mutu a hannuna. Na riga na gama magana da wani a Laranto, za a sa mata giyar hannu, giyar maza. Shekara ashirin ba abin da zai same ta. Ni zan biya, sai me?"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Haladu ya ɗaga mini hannu. Ya jingina da ƙofar motar, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu a hankali har gwiwa, a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba ko a gaban 'ya'yansa.

"Sharafa," ya ce, "da wacce zan taka kulocin?"