Ɗakin da Maman Ishaya Ta Nema

Kulu na cikin kwashe waina daga tanda ta ji faɗuwar bokiti a gidan maƙwabta, sai kuma muryar Ishaya yana kiran uwarsa. Ta bar tandar a kan wuta ta bi ta ƙofar langa-langar da ke tsakanin gidajen biyu. Ta tarar da Rifkatu, uwar Ishaya, zaune dirshan a bakin rijiya, sanye da farar rigar aikin da ta ajiye tun da ta bar asibiti, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Jiri ne kawai," in ji Rifkatu. "Ku ɗaga ni, kada majalisa ta fara babu ni."

"Mama, ba inda za ki," Ishaya ya ce. Malamin firamare ne, bai saba ɗaga murya ba, amma yau ta ɗan hau. "Likita ya ce zuciyarki ba ta son wahala. Dubi ƙafafunki."

Ƙafafun sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Su biyu suka tallabe ta zuwa gado. Ta daɗe tana maida numfashi, sannan ta kama hannun Kulu.

"Ke za ki je."

"Ni? Maman Ishaya, mi zan ce musu? Ban taɓa tsayawa gaban maza ba, in ba masu sayen waina ba."

"Ki faɗi abin da idonki ya gani. Ya isa."

Abin da idon Kulu ya gani ya faro ne a shekarar fari. 'Yarta ta rasu wajen haihuwa a Nahuce, ta bar wata yarinya, Wasila, ba a ma yaye ta ba. Kulu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta ɗauko jikar ta kawo ta Sabon Garin Gusau. Yarinyar ba ta kuka, ba ta dariya, ba ta karɓar abinci sai an ɗura mata. Ta wuni zaune ta juya wa mutane baya, tana kaɗa jiki gaba da baya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti aka ce babu zazzaɓi babu komai. Mata suka fara cewa iska ce.

Rifkatu, tsohuwar nas daga kudancin Zariya, ta leƙo wata rana ta zauna kusa da yarinyar ba ta taɓa ta ba. Can ta ce, "Ba iska ba ce, Kulu. Uwarta take nema, ba ta da bakin faɗa. Zuciyar yaro ma tana ciwo." Ta ce a goya ta kullum, mutum ɗaya ya riƙa ba ta abinci, a yi ta yi mata hira ko ba ta amsa ba. Kulu ta riƙa soya waina da goyo a baya, tana ba yarinyar labarin kaji da na masu wucewa kamar mai zance da bango. Damina ta wuce, kaka ta shigo. Ranar da Wasila ta fizge ludayi ta fashe da kuka don an hana ta, Rifkatu ta taka rawa a tsakar gida da zani ɗaya.

Labari ya bazu. Aka riƙa kawo yara daga Bungudu da Tsafe da ƙauyukan da ke bayansu: wanda ya daina magana tun da gobara ta ci gidansu, wanda ke buga kai da ƙasa, mai jego da ta kasa duban jaririnta. Barandar Rifkatu ta zama wurin zamansu, fanshonta ya zama abincinsu. Ita kuwa ta san ƙarfinta na ƙarewa. Tun zamanin En'e take zirga-zirga ofis-ofis tana roƙon abu ɗaya: hukuma ta ware ɗaki a asibitin mata da yara, ta tura nas ta koyo aikin, ta ɗauki mata biyu, ta riƙa sayen gero da madara. Sai da aka kafa sabuwar ƙaramar hukuma aka ce ta zo gaban majalisa ta yi bayani. Ranar ce ta zo ta same ta a bakin rijiya.

Kulu ta yafa mayafinta na zuwa biki ta fita. A ƙofar majalisa ta tarar da mutanen da Rifkatu ta aika wa, mata da goyo zaune a inuwar dalbejiya, da 'yan maza tsaye a gefe. Masinja ya ce mutum biyu kaɗai za su shiga. Ta shiga da Mamman, wani manomi daga Tsafe, ɗansa na bisa kafaɗarsa.

Ɗakin dogo ne, fanka na juyawa a sama, kansiloli sun jeru da manyan riguna. Ciyaman ya yi bayanin buƙatar, ya ce abin da ya rage a kasafin bana kaɗan ne, kuma akwai mai nemansa. Alhaji Shu'aibu, kansilan Bungudu, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba ni ƙin taimakon yara. Amma rafin hanyar Nahuce in ya kawo, mai naƙuda bisa amalanke ake tsayawa da ita har ruwa ya janye. Kwalbati muke nema. Jariri kuwa mi ya sani da damuwa? In ya ƙoshi sai barci."

Wasu suka gyaɗa kai. Ciyaman ya dubi Kulu. Ta miƙe ta riƙe bakin tebur.

"Alhaji, ni 'yar Nahuce ce," ta ce. "Rafin ga na san shi. A bakinsa ɗiyata ta cika, tana jiran ruwa ya janye. Da akwai kwalbati, wataƙila da yau tana raye. Ba ni cewa kada a yi shi."

Ta juya ta dubi sauran kansiloli.

"Amma wadda rafin ya bari fa? Yarinya ya bar mani, ba ta ci, ba ta kuka, tana kallon bango kamar mai jiran a kira ta. Na ƙosar da ita da ƙarfi, ba ta yi barcin da kake faɗi ba. Maman Ishaya ce ta nuna mani yadda ake kiran yaro ya dawo. Bana an sa ta makaranta, surutunta har ya ishe ni. To matar da ta yi wanga aiki tana kwance, kuma ba ni zaton za ta tashi. In ta tafi, ina za a kai na gaba?"

Mamman ya sauke ɗansa ya tsayar da shi a gabansa. Ya ce bayan an haifi yaron nan uwarsa ta ƙi shi, ta ƙi kanta, sau biyu ana kamo ta a bakin rijiya. Rifkatu ta riƙe uwa da ɗa a barandarta har suka saba da juna. "Magana ce da namiji ba ya so ya faɗi cikin mutane," ya ce, kansa a ƙasa. "Na faɗe ta ne don na san ba gidana kaɗai ba ne."

Wani dattijon kansila ya gyara rawaninsa. "Ba gidanka kaɗai ba ne, Malam. A nawa gidan ma an yi. Mu ba mu samu wadda za ta riƙe mana ba."

Alhaji Shu'aibu ya daɗe yana jan casbi. Da ya sake miƙewa muryarsa ta sauka. Ya ce in majalisa za ta ba da siminti da rodi, shi zai tara mutanen Nahuce da na Bungudu su kawo yashi da dutse, su yi aikin gayya. Ladan leburori da na ɗan kwangila a mai da shi ɗakin yara. Aka ɗan yi ja-in-ja kan ko zai isa. Ciyaman ya ce a ɗaga hannu. Kulu ba ta iya ƙirga su ba, ta dai ga hannayen riguna sun tashi dama da hagu, na Alhaji Shu'aibu a ciki.

Ko kafin ta kai ƙofa masinja ya riga ta da labarin. Guɗa ta tashi a gindin dalbejiya har ma'aikata suka leƙo ta tagogi.

Ta sami Rifkatu an jingina ta da matashi. Kulu ta zauna a bakin gado ta kwashe komai ta faɗa mata, har da yadda ta ƙanƙame bakin tebur. Rifkatu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ki ce musu ɗaki mai taga," ta ce da ta samu numfashi. "Kuma tabarmi, ba gadaje ba. Uwa ta zauna ƙasa da ɗanta."

"Za a faɗi."

"Kada a yi wa uwa faɗa. Wadda ta zo, ta riga ta sha faɗa a gida."

"Na ji, Maman Ishaya."

"To tashi ki dafa mini kunu. Yau ina jin yunwa."

Ta sha fiye da yadda ta sha a duk tsawon makon. Kwanakin da suka biyo baya gidan bai rabu da mutane ba. Matan coci na waƙa a ɗaki, matan Nahuce na daka a tsakar gida. Ran Alhamis da hantsi, Kulu na shafa mata man zafi a ƙafa, Ishaya na karanta mata Zabura, ta ce a buɗe labule ta ga yaran da ke wasa a baranda. Aka buɗe. Tana kallonsu numfashinta ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ishaya ya rufe littafin, Kulu ta rufe mata ido.

Ranar jana'iza cocin ya cika, waje ma ya cika. Mata masu lulluɓi suka zauna a inuwa har aka gama, maza daga Tsafe suka karɓi shebur suka taya mai da ƙasa. Alhaji Shu'aibu ya zo gaisuwa da buhun gero.

Bayan damina aka buɗe ɗakin, a ƙarshen barandar asibitin, an shafe shi da farar ƙasa. An tura wata nas Kaduna koyon aiki, aka ɗauki mata biyu, Kulu ce ɗaya. Safiyar farko ta share, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora tukunya. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga wata matashiya daga wajen Bungudu, ramammiya, da goyo a baya. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga, ta ƙi komawa.

Kulu ba ta kira ta ba. Ta fito ta zauna a kan dakali, ta matsa gefe ta bar wuri. Matar ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa. Can ta zauna, ta kai hannu ƙirji, ta fara kwance majanyi.