Tsayin Auta

Shekara talatin da biyar Malama ta yi tana koyar da lissafi, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta gabanta da ƙafafunsa ba. Ɗalibanta Jan Biro suke ce mata a bayan ido. Ta sani sarai, har ma daɗin sunan take ji. To ita ce yau aka rataya wa kati a wuya kamar 'yar firamare, aka ce ta bi bayan wani saurayi mai ɗaga lema ruwan ɗorawa, wai shi zai nuna mata unguwar da aka yanke mata cibiya.

Ba son yawo ya kawo ta ba, yayarta ce ta aiko ta. Yaya ta makance shekara uku ke nan, yanzu kuma ciwo ya kwantar da ita, har likita ya ja su gefe ya yi musu irin maganar nan da ake yi ƙasa-ƙasa. Makon jiya ta damƙe hannun Malama ta ce, "Na manta Auta. Ni na goya ta, amma fuskar ta ɓace min, ko tsayinta na kasa tunawa. Ina kanta yake kawo min? Nan ne, ko nan?" Tana ta lalube a jikinta tana kuka.

Auta ƙanwarsu ce. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara biyar, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Abu ɗaya tak ya rage nata a duniya. Babansu tela ne, irin mutanen nan da ba sa ganin abu su ƙyale ba su auna ba. Duk farkon shekara sai ya jera 'ya'yansa a jikin katakon ƙofar shagonsa, ya ɗora wa kowa almakashi a ka, ya tsaga katakon daidai tsayinsa. Ta Auta yakan huda ɗan rami a gefenta don a bambanta.

Malama ta ce, "Share hawayenki, Yaya. Zan je in auno miki."

Faɗa ce mai sauƙi. An daɗe da kwashe mutanen tsohuwar unguwar, aka zagaye ta da shinge, aka sa ƙofa da mai yanka tikiti. Ba a shiga sai da ɗan jagora, sau ɗaya a rana, awa ɗaya da rabi, ba ƙari. Wuni guda suka yi a mota ita da 'yarta, wadda take aikin jinya, da ƙyar ma aka ba ta hutun kwana biyu. Motar komawa ƙarfe biyu za ta tashi. In yau ba a yi ba, ba a yi ba ke nan.

Tun a bakin ƙofa 'yar ta raɗa mata, "Umma, don Allah ki yi haƙuri da duk abin da za ki ji. Abu ɗaya muka zo yi."

"Ni yarinya ce?" in ji Malama, ta dogara sandarta ta yi gaba.

Su wajen ashirin ne, kowa da waya a hannu. Mai Lema ya tsayar da su a bakin wata rijiya da aka rufe da raga. Ya gyara murya ya ce rijiyar nan ta shekara ɗari bakwai, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma wata gimbiya ta jefa zobenta a ciki saboda baƙin cikin soyayya. Mutane suka leƙa, suka ce kai, Allah sarki.

Malama ta kasa daurewa. Ta ce, "Samari, a gabana aka haƙa rijiyar nan, ina shekara bakwai. Duk rani sai ta ƙafe. Ruwanta ma zartsi ne, ko wanki ba ya yi."

Mai Lema ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Mama, wataƙila wata rijiyar kike nufi."

"Wannan nake nufi. Abin da na san an jefa a ciki, takalmin yayana ne, kuma ni na jefa."

Aka fashe da dariya. 'Yarta ta ja mata mayafi, ta fizge.

Suka isa wani layi mai gajerun ƙofofi. Mai Lema ya ce magabata sun gajarce su ne don duk abokin gaban da zai shiga dole ya sunkuya, a sare masa kai. Malama ta yi tsaki, tsaki mai tsawo irin wanda yake tsayar da aji guda. Ta ce ƙofofin lafiyarsu ƙalau, titin ne aka yi ta cikawa da ƙasa bayan ambaliya har ya haɗiye dokin ƙofar. Wani dattijo mai tabarau ya matso kusa da ita yana tambaya, wata mata ta juya wayarta daga ƙofar zuwa fuskar Malama. Ita kuwa bakinta ya buɗe, ta manta da agogo. Ta nuna musu inda mai niƙa yake, da inda ake shanya fata, da tagar da wata tsohuwa take watso wa yara ruwan wanke-wanke. Mai Lema yana tsaye gefe, lema a kafaɗa, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

A Lungun Shiru ne abin ya ƙazanta. Ya ce nan masana suke zaune a da, an haramta ɗaga murya, shi ya sa sunan.

"Kai, jama'a!" Malama ta buga sanda a ƙasa. "Maƙera ne a lungun nan! Tun asuba ake dukan ƙarfe har magariba, mai jego ba ta barci, mara lafiya ba ya barci. Don tsiya aka sa masa Lungun Shiru, zolaya ce. Wa ya koya maka wannan shaci-faɗin?"

Saurayin ya sauke lemarsa. Ya ce, "Mama, takarda aka ba ni na haddace. In na canza kalma ɗaya aka kai ƙarata, aikina ne zai tafi. Ke yau kika zo, ni kullum ina nan." Ya dubi agogonsa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "An cinye mana lokaci. Saura minti goma sha biyar a rufe. Lungun Teloli ba za mu samu shiga ba, daga nan sai ƙofar fita."

Sai a lokacin Malama ta tuna abin da ya kawo ta. Lungun Teloli can ne shagon babansu, kuma lungun da ƙofar ƙarfe a bakinsa, makullin yana rataye a ƙugun wannan da ta gama yi wa tas a gaban mutane. Haushi ya kama ta, haushin yaron, haushin masu takardar, amma wanda ya fi ci mata rai nata ne. Wuni guda a mota, Yaya tana can tana jira, ita kuma ta zo ta ɓata awa guda a kan rijiya da maƙera.

'Yarta ta juyo. Kallonta kawai ta yi, idonta ya ciko.

Mutane suka fara bin lemar. Malama ta ɗingisa da sauri har gwiwarta na ƙara, ta sha gaban Mai Lema. Matar da ba ta taɓa ba shugaban makaranta haƙuri ba, yau ga ta a gaban sa'an jikanta.

"Ɗana, na yi maka ba daidai ba. Ka yi haƙuri."

Ya kau da kai.

"Don girman Allah ka buɗe lungun nan, ko minti biyu ne. Akwai abin da zan duba."

"Ki je ki sake ƙaryata ni?"

"Ba zan ce uffan ba."

"Ko me na faɗa?"

Ta ji kalmar tana yi mata ɗaci a baki kamar ta tauna ƙwayar zazzaɓi. "Ko me ka faɗa."

Ya dube ta, sannan ya ciro makullin.

Lungun ya tsuke fiye da yadda ta san shi. An shafe bangaye da farin fenti, an kafa fitilu, amma ƙafarta ba ta nemi jagora ba: ƙofa ta huɗu a hannun hagu. An gitta jar igiya a gabanta. Katakon yana nan, ya yi baƙi, an shafa masa mai yana ƙyalli, kuma ga tsagogin nan reras tun daga kafaɗar mutum har ƙasa. Ta gane nata, ta gane na Yaya, ta gane na yayyensu maza biyu da duk suka riga mu gidan gaskiya. Can ƙasa ga guda uku, kowace da ɗan rami a gefe.

Mai Lema ya tsaya ya buɗe baki. Ya ce a ɗakin nan aka tsare wani jarumi da ya ƙi miƙa wuya. Kullum gari ya waye sai ya tsaga katakon da farcensa yana ƙirga kwanakinsa. "Ku duba yadda suke sauka," in ji shi, ya nuna da tsinin lema. "Yunwa tana cinsa, yana durƙushewa. Waɗannan ukun na ƙasa masu rami, a kwance ya yi su. Ta ƙarshen nan, ranar da ya cika ke nan."

Wata mata ta share ƙwalla. Wayoyi suka yi ta ƙyas-ƙyas. Dattijon mai tabarau ya waiwayo ya ce, "Mama, wannan fa? Haka ne?"

Kowa ya zuba mata ido, har Mai Lema. Maganar ta taso mata tun daga ciki, cikakkiya da hujjojinta: cewa ba a kwance aka yi su ba, a tsaye aka yi, Auta tana ɗage, ana dariya ana cewa ta daina ɗaga dunduniya, cewa ba sauka suke ba, hawa suke, sai dai ba su yi nisa ba. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Ta ce, "Ban san nan ba."

Mai Lema ya juya ya ce a fita, lokaci ya yi. Da aka ba ta baya, Malama ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo. Ta tsayar da sandarta a jikin katakon, ta tabbatar gindinta ya zauna daram a kan dutsen ƙofa. Ta zaro zare daga bakin mayafinta, ta gatsa shi da haƙori yadda babansu yake yi, ta ɗaura a jikin sandar daidai tsaga ta sama a cikin ukun. Ta duba, ta sake dubawa, ta ƙulla sau uku.

"Mama, ba a taɓa—" Mai Lema ne ya dawo. Ya ga zaren, ya ga tsagar, ya ga fuskarta. Bai ƙarasa ba. Ya tsaya riƙe da makulli har 'yarta ta ɗaga ta, sannan ya rufe ƙofar a bayansu.

A mota Malama ba ta yarda an sa sandar a but tare da kaya ba. Rungume ta ta yi har gida, tana ta mita a kan masu takarda da masu fenti da gimbiyar da ba a taɓa haifa ba. Duk wanda ya gifta kusa da zaren sai ta daka masa tsawa.

Washegari da hantsi suka shiga ɗakin Yaya. Ta ƙara ramewa a kwana biyun nan. 'Yar ta tallafe ta, aka sauko da ƙafafunta ƙasa, aka tsayar da ita da ƙyar. Malama ta kafa sandar a gabanta, ta kamo hannunta ta ɗora a kan ƙullin.

"Ga ta nan, Yaya. Shekarar ƙarshe. Da hannuna na auna."

Yaya ta shafa zaren, ta buɗe tafin hannunta a kansa, ta jawo shi a hankali zuwa jikinta. A cinya ya tsaya mata. Sai fuskarta ta yamutse.

"A'a. Kin yi kuskure. Ta fi haka. Auta fa har ta fara girma, nan take kawo min." Ta dafa ƙugunta. "Ina ji a jikina. Ba ki auna daidai ba."

Malama ta buɗe baki. Ta san gindin sandar ya zauna a kan dutse, ta san sau biyu ta duba, ta san Yaya 'yar shekara goma sha biyu ce a lokacin, ba ta kai tsayinta na yanzu ba. Duk lissafin yana nan a kan harshenta. 'Yarta ta ɗago ta dube ta.

Malama ta sa farce ta tura zaren sama, a hankali, har ya kai inda hannun Yaya yake.

"Kin yi gaskiya, Yaya. A mota ne ya zame."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya. Ta bar tafinta a can, tana shafa iska a hankali kamar mai gyara wa yarinya kitso.

"Yawwa," ta ce. "Ga ta nan."