Jan Fenti a Kan Noti

Tun da aka sallamo Na-Jeji daga asibiti kowa a gidan ya zama likita. Wannan ya ce kar ya ci gishiri, wancan ya ce kar ya sunkuya, matarsa kuwa ko tari ya yi sai ta leƙo. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya buge shi, ya sake shi, amma bai sake shi duka ba. Ƙafar hagu ta dawo, sai ɗan jan da take yi. Hannun hagu ne ya ƙi. Yana iya ɗora shi a kan abu, yana iya tokarewa da shi, amma yatsun ba sa damƙa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ratsa daji a kan babur yana gyara famfunan ƙauyuka, har sunan yanka ya ɓace aka bar shi da Na-Jeji, yau shi ake saka wa maɓallin riga. Abin yana ci masa rai, kuma ba ya ɓoyewa.

Baburin yana nan a ɗakin kayan aikinsa na bakin ƙofar gida, an lulluɓe shi da tamfol shekara da shekaru. Tsohon babur ne na shiga daji, dogo, mai tayoyi gantsa-gantsa, ya girmi duk 'ya'yan gidan. Wata safiya Na-Jeji ya ja ƙafa ya shiga ɗakin, ya yaye tamfol, ɓeraye suka watse. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ma sun kwantar da kai ko? To mu tashi."

Wanda bai taɓa ganin gyaran babur da hannu ɗaya ba, bai ga taurin kai ba. Abin matse ƙarfen da ke kan teburi ya zama hannunsa na hagu, in bai isa ba gwiwa ta taimaka, in ta kama har haƙori. Ya kwance kafireta ya jiƙa a gwangwanin fetur. Tankin da ya yi tsatsa ya zuba masa kananzir da tsakuwa, ya toshe, ya zauna a kujera yana mirgina shi da ƙafa har tsatsar ta zube. Ya yanke soson kujerar babur ya rage mata tsawo, yadda ƙafafunsa biyu za su taka ƙasa. Babban aikin shi ne kuloci. Na kowane babur a hannun hagu yake, shi kuwa ba shi da hannun hagu. Sai ya sa aka yanko masa doguwar waya, ya gajarta mariƙin kulocin da zarto, ya ɗaura shi a hannun dama, ƙarƙashin na birki. Yatsu biyu ga birki, biyu ga kuloci, tafin hannu ga totur.

Yana da wata al'ada tun zamanin aiki. Duk notin da ya ɗaure ya gama, sai ya tsoma tsinke a jan fenti ya ja ɗan layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfe. A daji, kafin ya hau, kallo ɗaya zai yi: in layin ya rabu biyu, noti ya motsa. Yanzu ma haka ya yi, har baburin ya cika da jajayen layuka ƙanana.

Mutanen gida ba su ga abin burgewa ba. Babban ɗansa, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa don kar baƙin mai ya taɓa masa riga.

"Baba, likita ya ce ba kai ba tuƙi."

"Likita ya ce mota. Wannan mota ce?"

"Ran Asabar zan zo da motar ɗaukar kaya. Ba sayarwa zan yi ba, a gidana zan ajiye shi. In ka so gani sai ka zo ka gani."

"In gani," in ji Na-Jeji. "Ka ji ɗa. Ka mayar da shi hoto ke nan." Ya ci gaba da goge fulogi, ko ɗago kai bai yi ba.

Amma wadda ta fi kowa ɗaga murya Auta ce. Tela ce, gidan aurenta bai da nisa, kullum sai ta biyo, kuma kullum sai an yi. Tana ƙarama ita ce mai miƙo masa sifana, ta san lambar kowace tun kafin ta iya karatu. Shi ya sa faɗanta ya fi yi masa zafi.

"Baba, mu muka kwana a asibiti, ba babur ɗin nan ba. Ni na riƙa goge maka baki. In ka faɗi a hanya wa za a kira? Ni ce dai."

"To kar a kira ki."

Ta fita tana share ido, shi kuma ya huce a kan wani noti da bai ji ba bai gani ba.

Ana sauran kwana kaɗan Asabar ta zo, ya dawo daga gashin hannu da yake zuwa asibiti da safe, ya shiga ɗakin aiki, idonsa ya faɗa kan notin tayar baya. Layin ya rabu. Ya duba na birkin gaba, ya rabu. Na injin, na sarƙa, na kan babur, duk sun rabu. Jini ya hau masa ka. Wato har abin ya kai a bi bayansa a sassauta masa noti, don ya hau ya ji babur yana rawa ya haƙura? Ya buɗe baki zai ƙwala wa matarsa kira, sai ya tsaya. Ya durƙusa da kyar, ya kai ido kusa. Rabin layin da ke kan noti ba baya ya koma ba. Gaba ya yi. Ba kwancewa aka yi ba, ƙara ɗaurewa aka yi.

Da ya tambayi matarsa, ba ta wahalar da shi ba. "Auta ce. Da zarar ka tafi gashi take shigowa. Na ce mata babu ruwana."

Da Auta ta biyo da yamma, ta same shi zaune a kan kujerarsa, sifana a cinya.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min aiki?"

Ba ta yi musu ba. Ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga. "Baba, wane noti ka ɗaure yau?"

Ya nuna mata na birkin ƙafa da haɓa. Fentin ko gama bushewa bai yi ba.

"Ka gama da shi?"

"Kin ga fenti, kina tambaya."

Ta karɓi sifana, ta saka, ta ja. Ko nishi ba ta yi ba. Notin ya juya, layin ya rabu a kan idonsa.

"Ban fi ka ƙarfi ba, Baba, keken ɗinki nake takawa," ta ce. "Kana ganin hannun hagu kaɗai ciwon ya taɓa. Na daman ma ba kamar da yake ba. Kai kana jin ya ɗauru, bai ɗauru ba. Ni ban yarda ka hau ba, har gobe ban yarda ba. Amma na san halinka, in ka ce za ka hau sai ka hau. To ba zan zauna in ga taya ta fita ta bar ka ba."

Duk abin da aka faɗa masa tun daga asibiti, babu wanda ya shige shi kamar wannan. Likita ya yi magana ya yi biris, Yaya ya yi ya mayar masa da baƙa. Amma noti ba ya jin baƙar magana. Hannun da ya dogara da shi, wanda ya ɗora wa birki da kuloci da totur gaba ɗaya, ashe shi ma ƙarya yake yi masa. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ya tsura wa tafin hannunsa ido, har Auta ta fara da-na-sani.

Can ya ce, "Miƙo min bututun ƙarfen can na bayan ƙofa."

Ta miƙo. Ya zura sifana a cikin bututun, tsawonta ya kai na hannu. Ya ɗora a kan notin, ya kwanta a kai da ƙirjinsa, da duk nauyin da asibiti ya bar masa. Ƙarfe ya yi ƙara. Ya cire bututun, ya miƙa mata sifana.

"Motsa shi."

Ta ja, ta sa hannu biyu, ta tokare da ƙafa. Ko gezau.

"Ƙarfin hannu na yara ne," in ji shi, yana haki. "Kawo kananzir ki goge min tsoffin layukan nan. Daga farko za mu bi su, ɗaya bayan ɗaya. Ni zan ɗaure, ke ki gwada. Wanda ya motsa a hannunki ba ya samun fenti."

"Ban ce na yarda ba fa."

"Wa ya tambaye ki? Goge."

Ran Asabar da hantsi motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, direba ya sauke katakon da za a tura babur a kai. Yaya ya shigo da sallama, ya tarar baburin ya riga shi fitowa. Yana tsaye a tsakar gida, tanki na ƙyalli, Na-Jeji a kansa da tsohuwar hular kwano.

"Baba, don Allah."

"Buɗe min ƙofa duka biyu."

"Auta, ki yi masa magana mana."

"Na yi, Yaya, har na gaji," ta ce. Ita ta je ta zare sakata.

Ya buga kik, babur ya yi tari ya yi shiru. Ya sake bugawa, shiru. Gumi ya keto masa, ƙafar hagun da ke riƙe da nauyin babur ta fara karkarwa. Direban motar ya kau da kai don kunya. Na-Jeji ya ja numfashi, ya lallaɓa kik ɗin a hankali har ya ji inda ya yi tauri, sannan ya sake masa jikinsa gaba ɗaya. Injin ya kama da wata ƙara mai kauri, hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka tarwatse. Matarsa ta toshe baki da mayafi.

Ya sa hannun dama ya ɗauki na hagu ya ɗora shi a kan mariƙin babur. Ya matse kuloci da yatsu biyu, ya taka giya, ya saki a hankali. Babur ya fita ƙofa, ya wuce motar, ya bi layi. 'Ya'yansa da direban suka biyo shi a ƙafa.

A ƙarshen layin kwalta ta ƙare, sai fili mai yashi da 'yar hanya da ta miƙe cikin ciyawa. Nan yashi ya kama tayar gaba. Da can da hannu biyu zai murɗe ta ya wuce ko a jikinsa. Yau kan babur ya karkace hagu, hannun da zai tare bai tare ba. Suka kwanta tare, shi da babur, a hankali, injin ya mutu.

Yaya ya sheƙo da gudu.

"Tsaya nan," in ji Na-Jeji daga ƙasa. Bai ɗaga murya ba, amma Yaya ya tsaya cak.

Ya zare ƙafarsa, ya miƙe, yashi har cikin baki. Ya juya wa babur baya, ya durƙusa, ya kama kan babur ɗin da hannun dama, ya tura da ƙugu yadda ya saba a daji. Babur ya taso rabi. Wajen da hannun hagu zai damƙi ƙarfen bayan kujera, yatsun suka zame, ya koma ƙasa. Ya sake, ya sake zamewa. Ya tsaya a sunkuye yana haki. Mutanen layi sun fara fitowa. Ya san in ya ɗaga ido ya kalli Yaya, shi ke nan, za a kawo katako.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Zo ki kama min nan."

Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa cewa kowa ya kama masa komai ba, sai dai a kama masa yana faɗa. Ta zo, hawaye na zuba, ta sa hannu daidai inda nasa ya zame. Ya tura, ta ja, babur ya miƙe.

"Baba, ya isa haka. Kowa ya gani. Mu koma gida."

"Ba don a gani na fito ba." Ya ɗaga ƙafa da kyar ya haye. "Ki ce wa mamanki ta rufe min abincina."

Injin da zafinsa, bugu ɗaya ya tashi. Wannan karon ya matsa baya a kan kujera, ya ba shi wuta, tayar gaba ta yi sauƙi ta haye yashin. A bayansa ya ji muryar Yaya, a dushe, yana ce wa direba ya mayar da katakonsa ya tafi.

Tsoro bai bar shi ba, hannun dama har ya fara tsami. Amma daɗin da ya ji ya fi tsoron yawa. Ya so ya waiwaya ya ga ko Auta na nan tsaye, sai dai mai tuƙi da hannu ɗaya ba shi da damar waiwaye. Ya matse kuloci, ya sa giya ta biyu, ya bi hanyar cikin ciyawa.