Masara Har Ƙirji

Lambar da ke kan allon kwamfuta ta sake canzawa. Ɗazu ta nuna rumbu na biyu ya kusa cika, yanzu kuma ta ce ko rabi bai kai ba. Safiyullahi ya ɗan ƙwanƙwasa gefen allon da yatsa, ko da yake ya san ba nan matsalar take ba. Na'urar da ke auna yawan masara tana can maƙale a rufin rumbun, kuma duk ranar da ƙura ta rufe mata fuska haka take shirme.

Rumbunan ƙarfe uku ne a kamfanin, wanda ke haɗa abincin kaji a bakin garin Lafiya, wajen Azuba. Kowanne ya fi bene hawa huɗu tsawo. Aikin Safiyullahi shi ne ya san abin da ke cikinsu a kowane lokaci. Idan na'ura ta ƙi, sai a koma tsohuwar hanya: mutum ya hau tsani har sama, ya buɗe murfi, ya zura tef mai dunƙulen ƙarfe a baki har ya taɓa masara, sannan a cire abin da tef ya nuna daga tsawon rumbun.

Tireloli biyu na masara daga Assakio suna tsaye a bakin get tun da safe, ba za a sauke su ba sai an tabbatar akwai wuri. Hawan nan aikinsa ne, ba na kowa ba. Ya sunkuya ya dubi jikinsa. Farar shadda ce sabuwa fil, jiya ya karɓo ta daga tela, don yau Juma'a ana ɗaura auren abokinsa bayan an sauko daga masallaci. Tsanin kuwa ba abin da babu a jikinsa, tsatsa da ƙura da kashin tantabaru.

Ta taga ya hango Ortese yana tura baro. Dattijo ne ɗan Tibi, lebura, ya girmi kowa a wurin aikin.

"Baba Ortese!"

Ortese ya ajiye baron ya leƙo. "Oga Safi. Kai, yau ango ne?"

"Ina fa, abokina ne. Don Allah ka taimaka mini da na biyu. Na'urar ta sake rikicewa."

"Wannan abu naku kullum ba shi da lafiya," in ji Ortese yana dariya. Ya karɓi tef ɗin ya rataya a wuya. "Tsakiya da gefe?"

"Duka biyu. Ka san takan yi tsini a tsakiya."

"Na sani, oga."

Dokar wurin ita ce, kafin kowa ya hau rumbu sai an garƙame makunnin injin ƙasa da jan kwaɗo, injin da ke zuƙe masara daga gindin rumbu ya kai ta wurin niƙa. Kwaɗon yana cikin durowa. Safiyullahi ya tuna da shi, ya ce a ransa yanzu mutumin zai sauko.

Yana cikin amsa saƙonnin abokan ango sai wayar ofis ta yi ƙara. Madam Francisca ce, manaja.

"Safiyullahi, injin niƙa ya tsaya, ba masara. Mutane suna zaune suna kallon juna. Buɗe mini na biyu yanzu-yanzu."

"Madam, ai..."

"Ai me?"

Ya so ya ce akwai mutum a sama. Amma in ya faɗi haka za ta tambayi wane ne, kuma me ya hana shi hawa da kansa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin rumbun. Murfin a buɗe yake, bai ga Ortese ba. Ya ce wa kansa wataƙila ya zagaya ta ɗaya gefen, kuma wanda ke kan rufi ba ruwansa da abin da ke faruwa a ciki.

"Ba komai, Madam."

Ya danna koren maɓalli. Injin ya yi gurnani ya tashi.

Bai san iya lokacin da ya wuce ba kafin ya ji ƙarar. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan tukunya daga nesa. Daga cikin rumbun take fitowa. Tun kafin ya gama fahimta hannunsa ya riga ya doki jan maɓalli. Ya fita da gudu yana ihu, bai ma san takalminsa ɗaya ya cire ba.

Da ya kai sama ya leƙa ta murfin, ƙura ta cika ciki, da ƙyar ya ga abin da ke ƙasa. Masarar ta lotsa a tsakiya kamar mazurari, Ortese yana can gefen lotsawar, ya nutse har ƙirji. Hannunsa ɗaya a waje yake, da shi yake jifan bangon da dunƙulen tef yana jawowa.

"Kada ka motsa, Baba! Kada ka motsa!"

Hilary mai walda da direbobin tirela suka hauro da igiya. Suka ɗaura wa Safiyullahi a ƙugu, ya sauka ta tsanin ciki, ya kwanta rub da ciki a kan wani katako da aka miƙo masa. Ya kama hannun Ortese ya ja. Dattijon ya yi wata irin ƙara.

"Bari! Za ka raba ni biyu!"

Masarar ta riƙe shi gam. Duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matsowa, ta hana shi shaƙar wani. Hilary ne ya yi dabara. Ya sa aka yanke gindin wani duron roba, aka zuro shi da igiya, Safiyullahi ya kifa shi a kan Ortese ya danna cikin masarar har ya kewaye shi. Daga nan ya shiga kwashe ta cikin duron da kwano, yana watsarwa baya. Ƙura na shiga masa ido da hanci, gumi na zuba. Fuskarsu dab da juna. Idon Ortese yana kansa.

Lokacin da aka fito da shi, masallatai sun fara huɗuba.

A ƙasa ma'aikata suka yanyame Safiyullahi. Wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya miƙo masa ruwa. Shaddar ta koma ruwan ƙasa, hannun rigar ya yage har gwiwar hannu.

"Ku dubi kayansa," in ji wani direba. "Ko tuɓewa bai tsaya yi ba. Wallahi wannan namiji ne."

Madam Francisca ta ja shi gefe yayin da ake sa Ortese a bayan motar kamfani.

"Wa ya aike shi sama? Mutumin nan ya daɗe a nan, ya san doka. Bai gaya maka zai hau ba, ko?"

Safiyullahi ya buɗe baki, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ta tari, ya ƙara a kan wanda ya zo masa da gaske. Kafin ya ɗago ta riga ta juya tana yi wa direba faɗa ya yi sauri.

Ya bi su asibiti a Keke Napep. Hanya ta cushe da masu dawowa daga Juma'a, wayarsa na ta ruri a aljihu, abokan ango ne. Ya kashe ta. A wani shagon bakin titi ya sayi silifa, mai shagon yana ta kallonsa.

Likita ya ce haƙarƙari biyu sun tsage, ƙafar dama ta kumbura saboda matsi, huhu kuma ya sha ƙura, amma zai tashi. Safiyullahi ya zauna a kan benci a baranda har la'asar ta wuce. Ya yi salla a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya kasa tuna ko raka'a nawa ya yi, ya sake. Ya ga Madam ta shiga ɗakin ta fito. Ya ga wata mata mai ɗaurin zane ta sauko daga kan okada tana kuka, bayanta wani ƙaton saurayi yana magana da ƙarfi cikin yaren Tibi. Aka ce masa matar Ortese ce, Ngodoo, da ƙanenta Torkula.

Sai da suka fita sayen magani ya shiga.

Ortese yana kwance an ɗan tada masa kai, robar iska a hancinsa. Gashinsa har yanzu da ɓurɓushin masara.

"Baba, sannu."

"Tef ɗinka ya suɓuce mini," in ji Ortese a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ya faɗi ciki. Na ce bari in sauka in ɗauka, kada a ce na ɓatar da kayan oga."

Safiyullahi ya durƙusa a gefen gadon. "Baba, ni na kunna injin. Na san kana sama. Ban sa kwaɗo ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Wa ke cikin ofis in ba kai ba? Da na ji ya tashi a ƙarƙashin ƙafana, sunanka na kira."

Safiyullahi ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon. "Yanzu zan je in sami Madam. Zan gaya mata ni na aike ka. In kora ce ta kore ni."

"Madam ya riga ya tambaye ni. Na ce ni na hau da kaina."

"Don me?"

"Ya ce in na warke zai dakatar da ni kwana kaɗan, saboda doka. Ba zai kore ni ba."

"Ba zan yarda ba, Baba. Laifina ne."

Ortese ya juyo da kansa da ƙyar. "Ka ga wannan yaro Torkula, ƙanen matana? Gonarsu na Adogi, sun bar shi tun rikicin da aka yi. Har yau wuta ne a cikinsa. Abin da Madam ya ji, duk ma'aikata sun ji. Kafin dare ya kai kasuwa. Ba wanda zai ce kwaɗo aka manta. Za su ce Musulmi ya binne ɗan Tibi a masara da ransa."

"Ni ba haka..."

"Na san ba haka ba. Amma kai ma ka san garin nan. Ni ina da yara a makaranta, suna bin hanya ɗaya da naku."

A gadon da ke kusa wani yana ta nishi, fankar sama tana juyawa ba iska.

"To ka yafe mini," in ji Safiyullahi.

Ortese ya daɗe yana kallon silin. "Ban kai wurin ba tukuna. Har yanzu in na rufe ido ina jin shi yana hawa wuyana. Ka bar ni in fara numfashi." Ya yi tari, ya yamutsa fuska saboda zafi. "Abin da na roƙe ka, ka riƙe bakinka. Shi ke nan."

Aka turo ƙofa. Ngodoo ta shigo da ledar magani, Torkula na biye da ita. Ta tsaya ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta dubi yagaggiyar rigarsa, sai ta saki ledar a kan gado.

"Shi ne? Shi ne wanda ya shiga?"

Ortese ya lumshe ido. "Shi ne."

Ta zube a gabansa ta kama hannayensa biyu. Tafinta kaushi ne da shi, da ɗumi. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Hilary ya gaya mini komai. Ya ce kowa yana tsoro, kai ka shiga. Da yanzu ni ina kuka a mutuware."

"Mama, don Allah ki tashi."

Torkula ya matso ya miƙa masa hannu, ya riƙe ya girgiza da ƙarfi. "Ni ban cika yarda da mutanenku ba, gaskiya na faɗa maka. Amma kai daga yau ɗan'uwana ne."

Safiyullahi ya waiwaya wajen gadon. Ortese ya buɗe ido yana kallonsa, ba fushi a fuskarsa, ba kuma sassauci.

"Ran Lahadi za mu yi godiya a coci," in ji Ngodoo, tana share hawaye da bakin zane. Ta ciro wata ƙaramar waya ta miƙa wa ƙanenta. "Fasto zai kira sunanka a gaban jama'a, a yi maka addu'a. Su suna ce maka Oga Safi. Mene ne cikakken sunan? Torkula, rubuta, kada Fasto ya yi kuskure."

"Mama, ba sai an yi haka ba."

"Sai an yi. Faɗa masa."

Torkula ya riƙe wayar, babban yatsansa a kan maɓallai, yana jira.

"Safiyullahi," ya ce.

"Kai, dogo ne. Yi mini ɗaya-ɗaya."

Ya fara jero masa haruffan a hankali, Torkula yana maimaitawa yana dannawa.