Wutsiyar Kifin Aparicio

Shekara bakwai Nelida tana rarraba kawunan masu na dutse a ƙaramin gidan tarihin garinsu, amma irin wanda take nema bai taɓa zuwa hannunta ba. Wutsiyar kifi ake kiransa: gindinsa a buɗe kamar na kifi, da siririn kwarmi a tsakiya inda mutanen farko ke ɗaura sanda. Guda ɗaya tak daga gaɓar kogin Rio Negro zai sa a ba ta izinin tono kafin ruwan madatsa ya sake shanye yashin.

Da ta ji tsohon makiyayi Aparicio na da shi, a can gaɓar ya tsinta, ko takalmi ba ta tsaya ɗaurewa ba.

Ta same shi bakin garke yana zuƙar shayin mate. Ya zaro dutsen daga aljihu, baƙi ƙirin da maiƙo, yana wani ƙarni.

"Baba, ba ka taɓa wanke shi ba?"

"Kin taɓa ganin dutse ya yi wanka, 'yar boko?"

Daga sama ƙirar ta yi daidai, amma dauɗa ta rufe gindin. Zumuɗi ya sa ta yi abin da ta saba yi a fagen tono: ta lasa, ta murza da babban yatsa don dauɗar ta fita.

Tsoho ya ƙyalƙyale har ya ƙware.

"Ya gishirin? Shekara talatin da shi nake yi wa raguna fiɗiya! Ko jiya ashirin na yi."

Ta tofar, ta sake tofarwa, ta goge harshe da hannun riga, hawaye na zuba. Duk da haka ba ta saki dutsen ba. Ta ɗaga shi sama ta duba.

Gindin sumul yake. Babu wutsiya, babu kwarmi.

"Baba... ina sauran?"

"Kunnuwan nan biyu? Huda min aljihu suke yi. Na goge su a dutsen wasa wuƙa. Ai yanzu ya fi kyau, ko?"

In ta kai dutsen ofis, akwatin "ba a tantance ba" zai faɗa, cikin tarkacen da ba mai buɗewa. Izini kuwa sai dai wata shekarar, in ruwa ya janye.

Ta miƙa masa kayansa.

"Zauna mana, 'yata," in ji shi, yana nuna garwashi. "'Ya'yan marainan ragunan jiya sun kusa gasuwa."

Ba ta kai bakin shinge ba ta duƙa tana amai.