Sha Huɗu ga Maris

Tsuntsaye goma sha ɗaya ne a kan igiyar jirgin ruwan. Alƙali ya tsayar da bidiyon, ya buɗa hoton da yatsunsa biyu da suka rame, ya sake ƙirgawa.

"Sha ɗaya ne, Yaya. Mutanen zaure sun nace wai sha biyu ne, wai alama ce a watan sha biyu za a saki gem ɗin. Na sha biyun inuwa ce."

"To, ci abinci tukuna," in ji yayansa, wanda kowa ke kira Tawada saboda shagon buga takardu da yake da shi. Farantin shinkafar ya huce a hannunsa.

"Ajiye can."

Can ɗin kuwa kan kujera ne, inda farantin safe yake zaune ba a taɓa shi ba.

Sunan gem ɗin Tsibirin Toka. Kashi uku suka fito, kuma duka ukun tare suka buga su a wannan ɗakin, suna faɗa a kan wanda zai riƙe na'urar bugawa. Kashi na uku ya ƙare ne da matuƙin jirgin yana tsaye a bakin wata ƙofa, yana jin muryar 'yarsa da ta ɓace daga ciki. Shekara shida ke nan ƙofar ba ta buɗe ba. Masu yin gem ɗin sun saki talla guda na daƙiƙa arba'in, suka yi gum, suka bar mutum ɗari huɗu a wani zaure na waya suna tsefe daƙiƙa arba'in ɗin nan kamar masu neman allura a tabarma. Duk jita-jitar da aka tsinto, gaban ƙanin Tawada ake kawo ta. Ya duba, ya yanke hukunci, shi ya sa suka sa masa Alƙali. Hukuncin nasa kusan kullum kalma ɗaya ce: ƙarya.

Abin da zaure bai sani ba, Alƙali yana yanke hukuncin ne daga kan gado. Abin da shi Alƙalin bai sani ba kuma, likita ya ja Tawada gefe a barandar asibiti, ya ce ciwon ya gama da hantar, wata uku ya rage, in an yi sa'a a ɗan ɗara. Tawada da Umma, mahaifiyarsu, suka yi shawara ba za su faɗa masa ba. Sai dai tun da aka dawo gida ya daina ci, ƙwayoyin maganin ma a ƙarƙashin matashi Umma take tsinto su. Tawada yana tsoro, tsoro na gaske, kada yunwa ta riga ciwon.

Dabarar ta zo masa ne a shago, yana yanke katunan wata makaranta. Mutumin da ya shekara sha biyar yana haɗa hotuna, ai fosta ɗaya ba za ta gagare shi ba. Kwana uku ya yi a kanta, aikin mutane yana jira. Ya zana matuƙin a bakin ƙofar, ƙofar ta ɗan buɗe, haske yana fitowa. Ya ɗora tambarin masu gem ɗin a ƙasa. Da ya zo kan ranar fitowar gem ɗin, sai ya tsaya a gaban kalandar bango da biro a hannu, ya daɗe yana lissafi, sannan ya rubuta sha huɗu ga Maris, mako goma cif daga ranar. Ya buga ta, ya jingina ta a jikin kwalaye, ya ɗauke ta hoto a karkace kamar wanda ya ɗauka a sace. Ya tura zaure da sabon layi.

Zaure ya kama da wuta. Wani ya ce dama ya yi mafarki, wani ya ce hasken ƙofar kore ne, ke nan yarinyar tana raye, wata ta ce ita yanzu za ta nemi hutu a wurin aiki. Masu hankalin cikinsu suka ce a jira Alƙali. Alƙali bai ce uffan ba har la'asar, sannan ya rubuta: "Akwai ƙamshin gaskiya."

Ranar ya ci rabin faranti, ya sha magani ba tare da an roƙe shi ba. Umma ta fito da farantin tana nuna wa Tawada kamar takardar sakamako.

"Me ka yi masa?"

"Wasan nasu ne zai fito, Umma. An sa rana."

"Allah ya yi wa masu wasan nan albarka," ta ce, ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Murnar kwana huɗu ta yi. Ran na huɗun da hantsi, wani da ake kira Ɗan Leƙe ya gano cewa tambarin da ke kan fostar tsoho ne, masu gem ɗin sun canza shi tun shekara biyu da suka wuce. Duk wanda ya san gem ɗin da gaske ya kamata ya gani. Nan take zaure ya juya kan Alƙali. Wai ido ya mutu, wai alƙali ya karɓi na goro, wai a ba Ɗan Leƙe kujerar. Tawada ya karanta su duka a tsaye, injin yana ta zubo takardu a ƙasa. Ya rufe shago da rana tsaka ya nufi gida.

Ya tarar da ƙaninsa a jingine, wayar a kife a kan cinyarsa, farantin rana a kan kujera.

"Na ga abin da suke rubutawa," in ji Tawada. "Rabu da su, kowa yana kuskure."

"Ban yi kuskure ba. A minti na farko na ga tambarin." Ya yi ɗan murmushi. "Yaya, shekara biyu rabonka da bibiyar labarin gem ɗin nan, ya nuna."

Tawada ya zauna a bakin gado.

"Gane ƙarya ba wuya," Alƙali ya ci gaba a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Abin da nake tambaya kullum, me mai ƙaryar yake so? Duk masu haɗa irin wannan nesa suke kai ranar, ƙarshen shekara ko baɗi, don ƙaryarsu ta daɗe tana yawo. Wannan ya sa mako goma. Na ce wane ne wannan mai gaggawa haka? Shi ya sa na kai la'asar ban amsa ba."

"Kawai so na yi ka ci abinci."

"Na sani. Kuma ka san mako biyu nake yi in gama kowane kashi, ba za ka sa ranar da ba zan samu gamawa ba. Goma da biyu, sha biyu." Ya dube shi sosai. "Wata uku likita ya ce, ko?"

Tawada ya so ya yi rantsuwa, ya so ya yi dariya ya ce hasashen banza ne irin na zaure. Sai ya sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a bayan hannunsa.

"Umma ta sani?"

"Ta sani."

"To, kada ka faɗa mata na gane. Miƙo mini farantin nan."

Ya miƙa masa. Shinkafar ta yi sanyi, ya tura cokali ɗaya da ƙyar, ya tauna ya tauna kafin ta wuce. Yana ɗaga na biyu Umma ta ɗaga labule, ta tsaya tana kallonsa, fuskarta ta washe.

"Auta, ci kake yi? Madalla. Wai saura kwana nawa wasan naku ya fito?"

"Sittin da shida, Umma," ya ce, ya kai cokalin baki.